Fansho da Zomayen Gwaggo

Da safiyar ranar da aka dawo aiki bayan hutu, ihun Gwaggo ne ya tarbe mu tun daga bakin ƙofa.

"Wayyo zomayena! Jama'a ku zo ku ga abin da aka yi mini!"

Filinmu wuri ne mai katanga da ƙofar ƙarfe guda ɗaya. A ciki akwai shagon Kafinta, da rumfar Mai Abinci, da ɗan lungun da nake gyaran agogo, sai bencin Mai Faci can kusa da famfo. Gwaggo ce mai wurin. Ɗakinta yana ƙurya, a bayansa kuma ta ajiye kejin zomayenta a kan gajerun ƙafafun katako. Muka tarar da ƙofar kejin a wangale. Babu zomo ko ɗaya, sai ragowar ganye da kwanon ruwa a kife. Cikin waɗanda suka ɓata har da farar uwa mai tsohon ciki, wadda Gwaggo take kira 'Yar Gata, take kuma yi mata hira da yamma kamar mutum. Na sha tsayawa ina kallonsu. Gwaggo na magana, zomanyar na motsa baki, ka rantse amsawa take yi.

"Ba a fasa kwaɗon ƙofar filin ba," in ji Kafinta. "Katangar nan kuwa ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta haura."

Duk mai sana'a a filin yana da makulli, Gwaggo kuma a gidan ɗanta ta kwana, sai da safen ta dawo. Kowa ya shiga kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Har ni da ko kaza ban iya kamawa ba sai da aka kalle ni.

"A kira Baba Mai Sawu," in ji Mai Abinci. "Ya zo da karen nan nasa, mu ga ko ƙasusuwan da nake zuba masa za su yi rana. Ai an ce karen bana shi ke maganin zomon bana."

Aka yi 'yar dariya, ban da Gwaggo.

* * *

Baba Mai Sawu a ƙaramin ɗakin da ke gefen ƙofa, ta cikin filin, yake zaune. Da ƙuruciyarsa mai gadin daji ne, daga baya ya koma nemo wa mutane dabbobinsu da suka ɓata. An ce a da yana duban ƙasa zai gaya maka akuyar da ta wuce tana da ciki ko ba ta da shi. Amma yanar ido ta fara rufe shi. Sawun da yake karantawa daga tsaye sai ya koma durƙusa masa, daga durƙuso ya koma shafawa da yatsu. Shi ya sa ya nemi hancin da zai ara.

Wani kamfanin masu gadi ne ya ba shi karen kyauta, sun ce ba shi da amfani. Ƙaton kare ne ja, mai faɗin ƙirji, in ka gan shi sai gabanka ya faɗi. Amma jikin ne kawai. In ɓera ya gilma ta gabansa, ido ɗaya zai buɗe ya raka shi da kallo. Mai Abinci ce ta raɗa masa suna Fansho, ta ce tun a cikin uwarsa ya yi ritaya.

"Hanci kowane kare yana da shi," Baba yakan ce. "Abin da ba kowanne ke da shi ba shi ne so. Kare ba ya bin sawu don tausayin mai akuya. Yana bi ne don ya san abin da yake mutuwar so na jiransa a ƙarshen hanya. To, wanda ba ya son komai, me za ka ajiye masa a can?"

Babu abin da bai gwada ba. Ya jefa ƙwallo, Fansho ya bi ta da ido har ta tsaya, sannan ya dubi tsohon kamar ya ce, sai ka je ka ɗauko abarka. Ya gwada igiya mai ƙulli, ya gwada tsohon takalmi. Har rarrafe na ga dattijon nan ya yi, tsumma a baki yana gurnani, kare na zaune yana hamma.

Mai Faci ne ya gano bakin zaren. Mutum ne mara yawan magana, bai daɗe da zuwa filin ba, kuma kowa ya san ya taɓa zaman gidan yari, ko da yake ba wanda ya san dalili. Ana gaisawa da shi, amma ba a barin waya kusa da shi. Wata rana ya ga fatar zomo da Gwaggo ta shanya a kan rufin keji, ya roƙe ta, ta ba shi. Ya yanko dogon tsiri daga robar cikin taya, ya ɗaura fatar a bakinsa.

"Baba, tsumman nan naka matacce ne," ya ce. "Kuma tura masa shi kake yi a hanci. Abin farauta ai ba ya zuwa wurin kare, gudu yake yi."

Ya ajiye fatar nesa kaɗan, ya ja robar a hankali. Fatar ta yi rawa, ta tsaya, ta yi tsalle gefe kamar mai rai. Kunnen Fansho na hagu ya tashi. Na dama ya biyo shi. Da fatar ta fyalle ta shige bayan taya, sai muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: Fansho a guje.

Daga nan suka kafa doka a tsakaninsu. Wasa da safe ne, kafin kare ya ci abinci. Ba a tsawaita shi, ana tsakiyar daɗi za a tsaya a ɓoye fatar, don ya wuni da kwaɗayinta. In ana ja-in-ja, Mai Faci yakan saki ya faɗi da baya kamar an kayar da shi, Fansho ya zagaya filin da fatar a baki, kai a sama. Kuma ba ya tafiya da ita ko'ina. Zai dawo ya ajiye ta a ƙafar Mai Faci, don a sake. A wurin wasan nan ne na fara jin dariyar mutumin.

Da kwaɗayin ya kama, sai Baba ya riƙa riƙe karen, Mai Faci ya kaɗa masa fatar ya ruga ya ɓuya, yau bayan tayoyi, gobe bayan shagon Kafinta, jibi can ƙarshen layi. A saki Fansho ya nemo shi da hanci. Baba kuma ya sa aka ƙera masa ɗan akwati, yana rufe fatar a ciki, ya bar karen ya yi ta fama har ya fito da ita, don ya koyi naci. Abu ɗaya ne ya rage: ba a taɓa gwada shi a aikin gaske ba.

* * *

Baba ya iso da karen a igiya. Ya ce kada a sa rai da yawa, don jiya da ya dawo daga duba 'yarsa da faɗuwar rana ya tarar Fansho ya zare kansa daga igiya yana kwance a ƙofar ɗaki, kuma ya ƙi cin abinci, wataƙila ba ya jin daɗi.

Ya kai shi bakin kejin, ya nuna ƙofar, ya ce, "Nemo."

Fansho ya sa hanci. Jikinsa ya ɗauki rawa, wutsiya ta miƙe. Sai ya fizgi igiya har tsohon ya yi tuntuɓe. Bai yi dama ba, bai yi hagu ba. Ya ratsa filin, ya wuce famfo, ya tsaya a bencin Mai Faci yana haushi, yana cusa kai a ƙarƙashi. Daidai lokacin Mai Faci ya shigo yana tura kekensa. Karen ya bar bencin ya yi tsalle ya dafa masa ƙirji.

Kafinta ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin bencin. Ya jawo 'Yar Gata ta ƙafa, ta sandare, wuya a karye.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Kafin wani ya yi magana, Kafinta ya ci kwalar Mai Faci ya ɗauke shi da mari.

"Hali zanen dutse! An ba ka wurin zama, ka saka da wannan?"

Mutanen layi suka cika ƙofa. Wasu na zagin ɓarawo, amma mafi yawa karen suke kallo. "Kai, wannan kare!" "Kun ga yadda ya tafi kai tsaye?" "Baba, ashe aiki kake yi a ɓoye!" Wani ya riƙe hannun tsohon yana girgizawa, wani ya ce tunkiyar surukinsa ta ɓata, zai aiko. Na dubi fuskar Baba. Tunda idonsa ya fara dushewa ban ga haske irin wannan a kanta ba.

Mai Faci bai rama marin ba. Sai kawai ya dubi Baba.

"Baba, ka san abin da ya kawo shi wurina. Kullum wurina yake zuwa, ko me ka ce ya nemo. Faɗa musu."

Baba ya buɗe baki. Har yanzu hannunsa na cikin hannun mai yabo. Ya dubi zomanyar da ke ƙasa, ya dubi taron.

"To," ya ce, "kare dai ya nuna abin da ya nuna."

Gwaggo ta share hawaye da gefen mayafi. "Ɗana zai zo da la'asar," ta ce wa Mai Faci. "Ka fito mini da sauran kafin nan. In ba haka ba, inda ka fito can za ka koma."

Mai Faci ya jingine kekensa, ya zauna a kan benci, ya harɗe hannu.

* * *

Rana ba ta yi tsaka ba Baba ya leƙo lunguna. Hasken nan ya bar fuskarsa.

"Mai Agogo, kai da kake ganin hanjin agogo, zo ka ara mini idonka. Akwai abin da ya ƙi kwanta mini."

Muka fara da Mai Abinci, don an fara raɗe-raɗin cewa yau nama ya yi yawa a tukunyarta.

"Ni kuma, Baba?" Ta buɗe tukunyar ta miƙa masa ludayi. "Ga shi, ka tona. In ka samu ƙashin zomo, ka yanka ni ka ba karenka. Wuyan kaza ne, tun da aka haife ni wuyan kaza nake sayarwa, ku ne dai ba ku taɓa godewa ba." Ta mayar da murfi, ta rage murya. "Amma ni ma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ɓarawon nama ai yankawa yake yi. Wa zai murɗe wuyan zomanya mai ciki, ya jefa ta ƙarƙashin bencinsa ta kwana ta sandare? Ba ta ciwuwa, ba ta sayuwa. Kuma na taɓa ta. Gashin wuyanta duk ya cure ya bushe, kamar an shafa masa sitaci."

Muka wuce wurin Kafinta, wanda kowa ya san sun sha faɗa da Gwaggo a kan warin zomayen.

"Ƙwarai na ce warinsu ya dame ni," ya ce, yana hure garin katako daga hannunsa. "Gobe ma zan faɗa. Amma ni na ƙera kejin nan, Baba, zan yi wa aikina cin amana? Kuma kada wani ya ce sakata ce ta kuɓuce. Ɗan katako ne da ƙusa ɗaya a tsakiya. Ka juya shi ya kwanta, ya tare ƙofa. Ka juya shi ya tsaya, ta buɗe. Duk abin da na ƙera haka nake sa masa, tun daga kabad ɗin Mai Abinci har ɗan akwatin nan naka. Zomo ba ya buɗe ta daga ciki, iska ba ta buɗe ta. Sai mai hannu."

"Kai ina ka wuni jiya?"

"Gidan surukai, ina gyara musu gado kyauta. Je ka tambaye su, har yanzu suna ƙorafin yana ƙara."

Mai Faci yana nan inda muka bar shi. Shatin yatsu ya fito a kumatunsa. Baba ya tsuguna a gabansa.

"Ɗana, ina ka je jiya?"

"Na je inda na je."

"Ka taimake ni in taimake ka."

Ya daɗe yana kallon famfo yana ɗiga. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Sabulu na kai wa wani tsoho da muka zauna ɗaki ɗaya a can. Ba shi da kowa. In na faɗi haka a gaban mutanen nan, me za su ji? Ba za su ji sabulu ba, Baba. Gidan yari za su ji."

* * *

Bayan ɗakin Gwaggo duk an tattake ƙasa, amma jikin katanga akwai laima, ba wanda ya bi ta nan. Baba ya durƙusa, ni ma na durƙusa.

"Me kake gani?"

"Wasu 'yan tabo. Biyu dogaye a gaba, biyu ƙanana a baya. Da yawa."

"Zomo ke nan. Ƙafafunsa na baya ne suke riga na gaba sauka."

Abin ya ba ni mamaki, a ce halitta bayanta na riga gabanta isa inda za ta. Na so in tsaya in yi tunani a kai, amma Baba ya ja rigata. Muka bi tabon da rarrafe, kamar tsofaffin awaki biyu, har bakin ramin da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita waje. A bakin ramin akwai farin gashi maƙale.

"Da ƙafarsu suka fita," in ji Baba. "A guje kuma, dubi nisan tsallen. Ɓarawo a buhu yake zubawa. Waɗannan wani abu ne ya tarwatsa su."

Ya koma wurin kejin. Bai nemi idona ba. Ya sa yatsu yana shafa ƙofar tun daga sama, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ya zo kan sakatar, ya juya ta, ya mayar. Ya gangara ƙasa da ita kaɗan. Sai na ga hannunsa ya tsaya cak.

Na matsa na duba. Wasu zane-zane ne a jikin katakon, sabbi, huɗu-huɗu a jere, duk sun karkato gefe guda. Gefen sakatar kuma akwai 'yan ramuka.

Ya miƙe ya nufi ɗakinsa, ina biye. Ya jawo ɗan akwatin daga ƙarƙashin gado, ya ɗora a cinya, ya sa yatsun nan dai a ƙasan sakata. Ba sai na matsa ba. Daga bakin ƙofa ina hango su, huɗu-huɗu, a karkace, tsofaffi a kan tsofaffi.

Fansho ya taso daga inda aka ɗaure shi, ya ɗora haɓa a gwiwar tsohon.

"Ni na koya masa," in ji Baba. "Kullum ina tsaye a kansa ina cewa, yauwa, ƙara, ƙara. Na sa masa ƙanshin zomo a bayan sakata, na ce ya buɗe." Ya shafa kan karen. "Mai Agogo, ka san in na faɗi wannan ba wanda zai ƙara kirana neman akuya? Wa zai ba kura ajiyar nama? Ido ya tafi, yanzu hanci ma zai bi shi."

Na koma lunguna. Agogunan da ke rataye a wurina kowanne da nasa lokacin, ba su taɓa yarda da juna ba. Amma ranar sai na ga kamar duk sun haɗa kai, la'asar suke nufa.

* * *

Ɗan Gwaggo ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, yana jiran uwarsa ta ce a kira hukuma. Baba ya fito da karen a igiya, ya roƙi kowa ya matso. Gwaggo, Kafinta, Mai Abinci da ni muka tsaya kusa da kejin. Mai Faci kuma, Baba ya ce masa ya zauna a bencinsa, kada ya motsa.

Ya zaro fatar wasan daga cikin riga. Fansho na ganinta ya fara kuka yana tirje ƙasa. Baba ya jefa ta cikin kejin, ya rufe, ya kwantar da sakata.

"Kafinta, aikinka ne. Duba mini, ta rufu?"

Kafinta ya girgiza ƙofar. "Ta rufu ruf."

"Ka ce sai mai hannu."

"Na ce."

Baba ya kwance igiyar, ya ja da baya. Bai ce nemo ba, bai ce komai ba.

Fansho ya miƙe a kan ƙafafun baya. Ya kafa farata a ƙasan sakatar ya karta, ya sake kartawa, daidai kan zanen jiya. Ya kama gefen katakon da haƙori, ya tura da hanci. Sakata ta tsaya. Ƙofa ta buɗe. Ya zura kai ya cafko fatar, ya girgiza ta da ƙarfi har muka ji ƙarar kunnuwansa. Gwaggo ta rufe ido.

Daga nan ya ɗaga kai ya tafi. Ya wuce ni, ya wuce Baba ko kallonsa bai yi ba, ya ratsa filin, ya wuce famfo. Ya ajiye fatar a ƙafar Mai Faci, a bakin ƙarƙashin benci. Ya ja da baya, ya kwantar da ƙirji a ƙasa, gindi a sama, wutsiya na kaɗawa. Jira yake a yi wasa.

Baba ya juyo wurin Gwaggo.

"Jiya ya zare igiya, ba kowa a filin," in ji Baba. "Ya ji ƙanshin da muka koya masa so, a bayan sakatar da na koya masa buɗewa. Sauran suka tsere ta ramin ruwa. 'Yar Gata ciki ya yi mata nauyi. Ya kai wa abokinsa ita ne su yi wasa. Bai same shi ba, ya ajiye masa. Da safe ba ɓarawo ya nuna muku ba, Gwaggo. Ajiyarsa ya koma dubawa. Mutumin nan bai taɓa miki komai ba. In hukuma za a kira, ga ni, ga karena."

Ɗan Gwaggo ya mayar da wayarsa aljihu. Gwaggo ta taka a hankali har wurin bencin, ta tsaya tana kallon fatar da ke ƙasa.

"Ni na ba da ita da hannuna," ta ce. "Fatar uwar 'Yar Gata ce."

Ɗanta ya ce a kashe karen. Ta girgiza kai.

"In yi me da ransa? Zai dawo mini da ita? A sa masa sarƙa. Kada in ƙara ganin sawunsa a bayan ɗakina."

Kafinta ya je ya tsaya a gaban Mai Faci yana murza hannu. "Ɗan'uwa, ka yafe ni. Hannu ne ya riga hankali."

"Ba komai," in ji Mai Faci.

Fansho na nan a durƙushe yana jira. Mai Faci bai sunkuya ya ɗauki fatar ba.

* * *

Washegari na tarar da Mai Faci yana ɗaure kayan aikinsa a bayan keke. Gwaggo ta ba shi haƙuri, Mai Abinci ta yi rantsuwar ita dama can ba ta yarda ba. Ya yi musu godiya, ya ci gaba da ɗauri. Baba ya zo ya riƙe kan keken.

"Ɗana, an wanke ka. Ina kuma za ka?"

"Inda ba a san ni ba, Baba. Can ma za su sani, amma kafin nan na huta."

"Marin ne?"

"Kafinta bai san komai ba, na yafe masa. Karen ma ban riƙe shi ba, abin da muka koya masa ya yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa." Ya ja igiyar kayan ya ƙulle. "A filin nan kai kaɗai ka san wurina yake zuwa, ko an yi sata ko ba a yi ba. Na ce ka faɗa musu."

"Ai na faɗa."

"Da yamma."

Baba ya saki kan keken.

Mai Faci ya tsaya wurin Fansho, ya sosa masa bayan kunne, ya tura kekensa ya fita. Bencin ma da rana wani mai kurar ɗaukar kaya ya zo ya ɗauka.

Wasu daga cikin zomayen sun dawo da kansu ta ramin ruwa, da yunwa ta kore su. Kafinta ya canza wa kejin sakata, ya sa ta ƙarfe. Mai tunkiyar nan bai aiko ba, wani ma bai aiko ba.

Baba bai daina fitowa da fatar ba. Kowace safiya kafin abinci zai ajiye ta nesa kaɗan, ya ja robar. Amma a hannunsa ba ta rawa, jan ta kawai yake yi a ƙasa kamar tsumma. Fansho ya buɗe ido ɗaya ya raka ta da kallo.

Sau ɗaya na ga ya tashi. Ya ɗauki fatar a hankali, bai girgiza ta ba. Ya nufi wajen famfo, inda shatin ƙafafun benci yake har yanzu a ƙasa. Sarƙa ta ƙare bai kai ba. Ya miƙa wuya iya inda zai iya, ya ajiye ta, ya tura ta gaba kaɗan da hanci. Sannan ya kwanta yana kallon ƙofa.